Yadda Za Ka Killace Littafinka a Shago Ɗaya Alhali Kana da Gwaggo

Kai da ka rubuta littafin waya ka tsaya ƙiƙam, ka rasa ko shago ɗaya za ka ba ko ka watsa shi duk shagunan intanet, matso kusa. Alkawari na ɗaukar maka: ka bi matakan nan daki-daki, kafin ka kai ƙarshe an riga an yanke maka shawara, ko kana so ko ba ka so. Ni walda nake yi, ƙyaure da kwaɗo ne sana'ata, saboda haka zancen kullewa ba baƙona ba ne. Kuma duk abin nan a gabana ya faru da ƙanena Tela.

Hanyoyin biyu ne. Ko ka ba babban shago ɗaya littafinka shi kaɗai, ya ɗora shi gaban kanta, ya riƙa sallamarka kan duk shafin da aka karanta, bisa sharaɗin kada a gan shi ko'ina sai wa'adi ya cika. Ko ka baza shi kowane shago, kowa ya sayar, babu mai kula ka. Sauran duk surutu ne.

Mataki na 1: Sa hannu tukun, karatu daga baya

Sharuɗɗan nan da ƙananan baƙaƙe aka rubuta su, alamar su ma ba sa son ka wahalar da idonka. Girmama niyyarsu, ka tsallake.

Tela ya danna "na yarda" da babban yatsa, ƙafarsa na kan keken ɗinki, allura a baki, wani mutum na tsaye a kansa yana jiran a rage masa ƙugun wando. Sai da mai wandon ya tafi ya koma ya duba abin da ya yarda da shi. In aka ga littafin a wani wuri, za a sauke shi, a rufe masa shafinsa, a manta an taɓa haihuwarsa. Shekarun da ya kwashe yana rubutu tsakanin yanka da ɗinki su bi iska.

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai da sauƙi. Wa zan ba?"

Riƙe wannan tambayar, za ta yi mana amfani.

Mataki na 2: Yi alfahari a guruf ɗin dangi

Marubucin da danginsa ba su san ya yi rubutu ba, tela ne kawai. Tura hoton bangon littafin, ka ƙara da "Alhamdulillahi" don kada a ce fariya ce.

Tela ya tura, ya jona dutsen guga. Dutsen bai gama zafi ba waya ta ɗau ƙara. Gwaggo ce, ƙanwar babanmu, wadda ta raine mu tun muna zanen goyo. Ba ta karatu, amma wayarta ba ta taɓa yin sanyi ba.

"Ɗan nan, an ce ka yi littafi. Turo."

Mataki na 3: Yi wa Gwaggo bayanin yarjejeniya

Kada ka yi ta waya. Je da ƙafarka, don in za a wanke ka, gara a wanke ka cikin ɗaki.

Tela ya same ta zaune bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa. Ya gyara murya.

"Gwaggo, kamfani ne ya hana. Shi kaɗai ke da ikon fitar da shi."

"Kamfanin nan, shi ya goya ka lokacin da ka yi ƙyanda?"

"A'a, Gwaggo."

"Shi ya zaro maka maɓalli daga hanci, kana ihu kamar ana yanka ka?"

"Gwaggo, in suka gan shi a wani wuri, sauke shi za su yi."

"Ni ce wani wuri? To madalla. Yau na zama wani wuri."

Ta juya fuska bango. Wanda bai taɓa ganin Gwaggo ta juya fuska bango ba, bai san zafin walda ba.

Mataki na 4: Nemi ɓarauniyar hanya

Duk ƙyauren da ka gani yana da ɗan tsagi ta ƙasa, ni na gaya maka. Tela ya lalubo nasa: takarda ta hana turawa, ba ta hana karantawa ba. Sai ya zama kullum da yamma in ya rufe shago, ya je ya karanta mata babi guda.

Labarin wani direban babbar mota ne da wata ma'aikaciyar asibiti. Gwaggo na ji tana katse shi. "Tsaya. Wannan abokin nasa ban yarda da shi ba, dariyarsa ta yi yawa." Haka suka yi ta tafiya lafiya lau har babin ƙarshe, inda birki ya tsinke a gangara, direba ya ce ga garinku.

Gwaggo ta rufe kwalbar man zafi a hankali.

"Ka kashe shi? Yaron da bai tare maka komai ba, ga uwa tsohuwa?"

"Gwaggo, haka rayuwa take. Adabi ne."

"Adabi. Tashi ka ba ni wuri, Allah ya shirye ka."

Ya fito yana murmushi. A tunaninsa labari ya taɓa zuciya, kuma alkawarin kamfani na nan daram.

Mataki na 5: Kada ka tambayi abin da ake yi bayan fitarka

Ashe tun babin farko, yana sa ƙafa waje Gwaggo ke danna waya ta zuba labarin a saƙon murya, da tarinta da salatinta, ta tura wa ƙawarta guda. Kullum da gargaɗi: "Ke kaɗai na turo wa, kada ki ba kowa." Sharaɗin kamfani ke nan sak. Ita ma ƙawar mutum ɗaya ta ba, da gargaɗi iri ɗaya.

Labari ya shiga layin ganin likita, ya shiga shagon gyaran gashi, ya hau bas. Ni kaina a wayar wani mai neman ƙyauren gareji na ji yadda aka kama abokin nan mai dariya.

Rannan wata mata ta kawo ɗinkin labule. Tela na gwada yadi ta ce, "Kai, Tela, Allah ya yi maka baiwa! Wurin nan da direba ya farka ana shirin lulluɓe shi, ya ce ina makullin motata, wallahi sai da na yi kuka."

Almakashi ya tsaya cak a hannunsa. Shi dai ya san ya binne direban nan da hannunsa.

Mataki na 6: Firgita, amma cikin natsuwa

Jama'a suka gaji da jiran Gwaggo ta yi cajin waya, suka ruga shagon kamfani su karanta da kansu. Shafuka suka yi ta tashi. Sai ra'ayoyi suka fara sauka, tauraro ɗai-ɗai. Wani ya rubuta: "Wannan mutumin ya sace labarin Gwaggo, ya lalata ƙarshen."

Tela ya daina cin abinci. Duk saƙon da ya shigo sai ya ce shi ke nan, kamfani ya ji. Ya ɗinke wa wani aljihu ruf, ya sa wa rigar wani hannu ta wuya. Ya zo wurina ido jajir.

"Yaya, don Allah, murya tana cikin abin da suka hana?"

Na ɗaga gilashin walda na ce, "Tambayi wanda ka danna wa yatsa."

Ya rubuta musu. Amsa ta dawo da godiya mai tsawo, da tunin cewa wa'adinsa ya kusa cika: zai sabunta ko zai fita? Babu ko kalma ɗaya game da gwaggonni. In kai ma ka samu irin wannan amsa, kada ka yi mamaki. Kamfani ba shi da gwaggo.

Mataki na 7: Koma ka sa hannu, wannan karon da kunne a buɗe

Tela ya yanke shawarar sabuntawa, tunda shafuka na tashi. Abu ɗaya ya rage: ya roƙi Gwaggo ta yi shiru. Ya je ya durƙusa, bai kai ga buɗe baki ba ta ɗaga hannu.

"Zauna, ni ma ina da sharuɗɗa. Direba zai tashi, ka je ka gyara. Wa'adin mutanen nan na cika ka fito da littafin ka sa a kowane shago, don akwai ƙawayena da wayarsu ba ta ɗaukar nasu. Littafi na gaba kuma, babu mai jin ko layi ɗaya kafin ni. Na ji babi a bakin wani, na sauke ka."

"Gwaggo, gaban kantar fa? Su ke yi min talla."

"Su ke tallarka? Wa ya kai ka layin asibiti?"

Tela ya sosa hanci, daidai ɓangaren da aka zaro maɓalli.

"To wa'adin naki har yaushe?"

"Har ranar da za a lulluɓe ni. Kuma ka san halina, ina iya farkawa in nemi makulli."

Ya ce, "Na yarda." Wannan karon babu allura a bakinsa.

Yau littafin na kowane shago, direba na da rai da sabon birki da mata. Tela kuwa kullum da yamma sai ya ja ƙyauren da na yi masa, ya ɗauki waya ya nufi ɗakin man zafi, ya kai sabon babi a duba wa aka kashe.

Gargaɗi

Ban karanta littafin ba, na Gwaggo na saurara, ya ishe ni. In ka bi matakan nan aka sauke littafinka, ko aka ta da wanda ka kashe, ko aka juya maka fuska bango, babu hannuna, babu ƙafata, ba ka ma taɓa zuwa shagona ba. Masu kira kuma suna neman lambar Gwaggo don ta yi musu nasu, ku huta. Tamu ce mu kaɗai, kuma mun karanta sharuɗɗan.