Honorabul Ya Turo Wakiliya

Tunda duk wanda ya gamu da ni sai ya ce in ba shi labarin abin da ya faru ranar rufe kwas ɗinmu, bari in rubuta sau ɗaya in huta, don maƙogwarona ya gaji da ɗaukar muryar mutum uku a lokaci guda.

Mu goma sha biyu jami'armu ta zaɓo daga cikin masu digiri na biyu, aka sa mu a wani shiri na wata tara inda ake koya wa matasa siyasa da aikin gwamnati. Wanda ya gama lafiya a ba shi takardar shaida, sannan a tura shi majalisar dokokin jiha ya yi shekara guda yana aiki tare da 'yan majalisa. Wannan shekara gudan ita kowa ya ƙwallafa wa rai, don a can ake sanin mutane, mutane su san ka.

A cikinmu akwai wani da ba zan faɗi sunansa na yanka ba, saboda muna gaisawa da yayarsa. Tun sati na biyu muka sa masa Honorabul, shi kuma ya amsa babu ko kunya. Ko shugabancin aji bai taɓa tsayawa takara ba, amma kullum yana cikin babbar riga, hula a karkace, waya biyu a hannu, ɗaya ma ba caji. In ya ba mutum hannu, idonsa na kan wanda ke tsaye a baya. Na taɓa tambayarsa ƙarfe nawa, ya ce da ni, “Za mu duba.”

Kowace Alhamis ana gayyato mana wani babban mutum ya yi mana lacca. Cikin waɗanda aka gayyata, biyu ne kawai suka zo da ƙafarsu. Sauran duk wakili suka turo, kuma wakilan nan kamar makaranta ɗaya suka yi. Mutum zai tashi, ya gyara murya, ya ɗage hannun riga bisa kafaɗa, ya ce, “Mai girma ya so ƙwarai ya zo da kansa, amma wasu muhimman ayyuka sun sha gabansa.” Ya karanta takardar da aka ba shi. In aka zo tambayoyi, kowace iri aka yi masa, amsar ɗaya ce: “Ni wakili ne. Zan isar da saƙonku, kuma ina tabbatar muku za a duba.”

Wata Alhamis ma wakilin ne ya turo wakili. Bawan Allah bai san sunan kwas ɗin ba, sai da ya waiwaya ya karanta a jikin allo. Mu muna ta danne dariya, Honorabul kuwa rubutu yake yi ba ɗaga kai. Da muka fito ya tare ni, idonsa na ƙyalli.

“Bara'atu, kin ga mulki? Mutum yana kwance a falonsa, ana tafa masa a nan.”

Wata tara ana koya mana tsara doka, da kasafi, da yadda ake sauraron jama'a. Abin da ya shiga kansa ke nan.

A wata na shida shugabar shirin, Dakta Balaraba, ta raba mana aikin fita. Mace ce da ke sa tabarau a ƙarshen hanci, tana magana a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta ce kowa za a ba shi ƙauye guda. Ya je ya zauna da mutanen sau uku, ya ji abin da ke damunsu, su rubuta takarda tare zuwa ƙaramar hukuma. Ranar rufe kwas jami'a za ta tura mota kowane ƙauye ta ɗauko mutum goma, su zo zauren taro su ɗaga hannu su shaida cewa lallai ɗalibin ya zauna da su.

“Ba hannu goma,” ta ce, tana kallonmu ta saman tabarau, “ba takarda. Ba takarda, ba majalisa. Akwai wanda bai ji Hausar ba?”

Ni aka ba ni Tudun Maƙera. Honorabul aka ba shi Gangaren Tsamiya, kuma hanya ɗaya ce, sai an wuce mararrabar nasa ake kaiwa nawa. Ran zaman farko da safe ina neman abin hawa, sai ga shi da takarda a ninke.

“Mutuniyar, wata ganawa ta taso mini. Ki tsaya Gangare ki wakilce ni.”

Ganawar nan daga baya na ji a wurin mai hoto aka yi ta. Hotunan fasta ya je ɗauka, na zaɓen da sai nan da shekara huɗu.

Na ce, “Dakta fa cewa ta yi mutum ya je da kansa.”

“Dakta malama ce. Ni ɗan siyasa ne.”

Da na ce a'a, da na yi abin kirki. To amma wata shida ina tara muryar Honorabul a bakina ban sami inda zan juye ta ba, ga shi yau shi da kansa ya ba ni izini a rubuce. Na karɓi takardar.

Na sami mutanen Gangare wajen arba'in a ƙarƙashin tsamiyar da ƙauyen ya ci sunanta, an shimfiɗa tabarmi, an ajiye kujera ɗaya ta roba saboda baƙo. Damuwarsu ɗaya ce. Kwalbatin da ke kan 'yar hanyar da ta haɗa su da babban titi ya karye shekara biyu ke nan, in an yi ruwa mai ƙarfi ba mai zuwa asibiti, ba mai zuwa kasuwa. Mai magana da yawun mata wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, Inna Tasalla, 'yar firit da ita, amma in ta buɗe baki har mai unguwa shiru yake yi.

Na tashi, na gyara murya, na ɗage hannun babbar rigar da ban sa ba, na kalli can saman kawunansu. “Mai girma ya so ƙwarai ya zo da kansa, amma wasu muhimman ayyuka sun sha gabansa.” Da muryarsa sak, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya ce “al'umma”.

Suka dubi juna. Sai wata mata ta tuntsire da dariya, shi ke nan kowa ya ɗauka. Inna Tasalla ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

“'Yar nan, shi mai wannan muryar, yana da ƙafafu kuwa?”

“Yana da su, Inna, har da takalmi mai ƙyalli.”

“Af, to alhamdu lillahi. Na ɗauka a kwance yake, mu shirya mu je dubiya.”

Ta kawo maganar kwalbati, ta yi bayani tiryan-tiryan, har da matar da naƙuda ta kama aka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa aka haye rafi da ita. Nan dariya ta ɗauke mini. Amma a ƙasan takardar Honorabul ya rubuta abin da zan ce in an yi tambaya, har ya ja masa layi biyu. Na karanta: “Ni wakiliya ce. Zan isar da saƙonku, kuma ina tabbatar muku za a duba.”

Inna Tasalla ta karkato kunne. “Sake faɗa. A hankali.”

Na sake. Na ga leɓenta na motsi.

Kada a zalunce ni, saƙo na isar da shi. Na gaya masa zancen kwalbati, na gaya masa zancen mai naƙuda. Ya gyaɗa kai yana latsa wayar da ba caji, ya ce za mu duba. Zama na biyu ya ce ɗaurin auren wani jigo zai je. Zama na uku ya ce ai mutanen sun riga sun saba da ni, canza musu fuska yanzu zai rikita su. A zaman nan na uku ina cewa “amma wasu muhimman ayyuka”, matan suka ƙarasa mini baki ɗaya, “sun sha gabansa!” kamar 'yan islamiyya. Bayan an gama dariya na zauna muka rubuta takardar kwalbatin tare, don ni ma kunya ta fara kama ni. Na kai masa, bai karanta ba, ya sa hannu da koren biro.

Na ce, “Honorabul, mutanen nan fa ba su san fuskarka ba.”

Ya zaro fastocinsa guda hamsin daga jaka. “Ki raba musu.”

Na raba.

Ranar rufe kwas an kwana biyu ana ruwa, amma gari ya waye tas. Zauren taro ya cika, iyaye da malamai da baƙi. Motoci suka riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya. In aka kira ɗalibi, mutanensa goma su zauna a kujerun gaba, Dakta ta tambaye su, su ɗaga hannu, a tafa. Nawa mutanen Tudun Maƙera har sha uku suka zo, ukun suka ce a ƙirga da su ko a fasa.

Honorabul ne na ƙarshe. Ya sa wata sabuwar shadda fara da ke ƙara in ya motsa, ƙamshin turarensa ya riga shi hawa dandamali. Ya tsaya yana ɗaga wa mutane hannu tun ba a tafa ba. Aka buɗe ƙofa don mutanen Gangaren Tsamiya su shigo.

Inna Tasalla ta shigo. Ita kaɗai.

Ta sha ado da atamfarta ta zuwa biki, gefen zanin da ɗan laka. Ta tako a hankali har gaba, ta dubi kujeru goma, ta zaɓi ta tsakiya ta zauna, ta ajiye jakarta a kan ta kusa.

Dakta Balaraba ta sauke tabarau. “Sannu da zuwa, Inna. Kin san wannan ɗalibin?”

Inna ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi. “Fuskar dai na san ta, Malama. Da ita nake ƙunshe daddawa. Takardar tana da kauri, ba ta yagewa. Muryar kuma a bakin waccan 'yar na san ta, ita yake turo mana.”

Ta nuna ni. Na zame a kujera har sai da ɗankwalina kaɗai ake gani. Dakta ta ce, “Bara'atu, in an tashi ki same ni a ofis,” ta juya ga tsohuwa. “To ina sauran mutum tara?”

Inna Tasalla ta miƙa hannu a ba ta abin magana. Ta tashi tsaye. Ta gyara murya. Ta ɗage mayafi bisa kafaɗa, ta kalli can saman kawunanmu. Wallahi har ɗan tarin sai da ta yi.

“Al'ummar Gangaren Tsamiya sun so ƙwarai su zo da kansu, amma wasu muhimman ayyuka sun sha gabansu.”

Zauren ya kece da dariya. Wani farfesa a teburin manya ya cire hula ya rufe fuska da ita. Honorabul ya yi gumi har shaddar ta daina ƙara.

“Waɗanne ayyuka ne suka fi wannan taro?” ya ce.

“Suna can suna jera duwatsu a inda kwalbati ya karye, ɗan nan. Motar da aka turo ma a tsallake ta tsaya, ni ɗin goya ni aka yi aka haye da ni.”

Ku ba Honorabul haƙƙinsa, kansa na ja in ya ga rami. Ya juya ga Dakta, ya haɗa hannuwa.

“Ranki ya daɗe, a ƙa'idar mulki wakili daidai yake da wanda ya turo shi. Mun gani a nan ajin kowace Alhamis. Tunda mutum goma ta wakilta, hannunta ɗaya hannu goma ne.”

Dakta ta juya biro a hannunta. Can ta ce, “Na yarda. In ta ɗaga, na karɓa.”

Ya sauko daga dandamali da sauri. Ranar na fara ganin babbar rigar Honorabul ta taɓa ƙasa, don durƙusawa ya yi a gaban tsohuwa, kuma ranar na fara ganin ya kalli mutum a ido yana yi masa magana.

“Inna, don girman Allah. Wata tara na yi a kwas ɗin nan, mahaifiyata ga ta can a zaune. Hannu kawai za ki ɗaga in tafi majalisa. In na je, kwalbatinku ne farkon abin da zan sa a gaba. Inna, ki taimake ni.”

Inna Tasalla ta saurare shi har ya gama, tana gyaɗa kai cike da tausayi. Sannan ta naɗe hannuwanta biyu cikin mayafi, ta matso da baki kusa da abin magana.

“Ɗan nan, ni wakiliya ce. Zan isar da saƙonka, kuma ina tabbatar maka za a duba.”