Alhaji Sashi-na-Bakwai Ya Je Ƙidayar Yara

Idan ana lissafin alherin da Allah ya yi wa ƙasar Damagaram a shekarun fari, to a fara da Depite Alhaji Mai Nasara. Ruwa ya ƙi, gero ya ƙi, shanu sun kwanta a bakin rijiyoyi, amma shi bai ƙi mu ba. Duk wata uku sai ya dawo daga majalisa a Yamai ya fi yadda ya tafi cika riga, don talakawa su ga ba kowa yunwa ta kama ba, hankalinsu ya kwanta.

Shi ne uban dokar ciyar da ƴan lakwal, wato makarantar boko. Gaskiya mutum goma sha ɗaya suka rubuta ta, amma shi ya fi kowa gyaran murya lokacin da ake karantawa. Sashi na bakwai ya ce duk ƙauyen da ya tara yara arba'in a aji, ansifektan makarantu ya ƙirga su da idonsa, gwamnati za ta ɗora masa tukunya: dawa, mai da madarar gari, kullum da rana. Alhaji ya ƙaunaci wannan sashi. Ya kawo shi a wurin suna, ya kawo shi a ɗaurin aure, ya taɓa kawo shi a zaman makoki. Ƴan kasuwa suka sa masa Alhaji Sashi-na-Bakwai, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa da ɗaga hannu.

To, akwai wani malamin lakwal, Malam Tahiru, ɗan Kara-Kara, da aka tura Gidan Gambo, can bayan Dakusa. Wata uku yana bin gida-gida yana lallashin iyaye, har ya haɗa yara arba'in da uku a ajinsa na zana. Ba son a-b-c ya kawo su ba, zancen tukunya ne. Ƙidaya sau ɗaya ake yi a shekara. In ta wuce su, iyaye sun riga sun ɗaure kaya za su yi kudu da yaran, aji ya mutu.

Da ya ji Depite zai raka ansifekta, sai ya ari keke ya zo har zauren Alhaji a Birni. Ya durƙusa, ya yi bayani a hankali. Ya ce mutanen nan tun zamanin Nasara, in suka hango kamiyo, babbar motar nan ta kaya, da gardawa, dogaran gwamnati masu jar hula, abu ɗaya suka sani: an zo kwasar yara, wanda aka tafi da shi kuma sai ya yi gemu ake sake ganinsa. Ya roƙi a zo da mota ɗaya, ba gardi, ba ganga.

Alhaji ya dube shi da tausayi irin na manya.

"Malam, kai alli ka sani, ni jama'a na sani. Doka ba ta shiga gari a sace kamar mai bin mata. Yara za su ga Mai Nasara, su ce mu ma in mun yi karatu haka za mu zama. Wannan ita ce damar matasa. Tashi ka je ka share aji."

Ranar Laraba aka taso. Motar Alhaji a gaba, ta ansifekta a baya, sai kamiyo ɗauke da gardawa shida, makaɗa huɗu, da kujerar Alhaji mai hannu, domin kujerun ƙauye ba su san girman doka ba.

Tun daga kan tudu wata mai ɗaukar ruwa ta hango jar hula. Kafin a kashe mota gari ya gama aikinsa. Kuma ba a taɓa samun wurin ɓuya mai yalwa kamar na bana ba, don rumbunan duk fayau suke. Kowane rumbu ya ci yara biyar, shida, aka mayar da murfi.

Alhaji ya sauko, makaɗa suka saki kiɗa, ya shiga aji yana gyara rawani. Ya tarar da tabarmi a shimfiɗe, allo a share, Malam Tahiru a tsaye kamar an kafa shi, da kaza ɗaya tana tono.

Wani zai ji kunya. Alhaji kuwa ya sa aka dasa kujerarsa a tsakar gari, ya kira dattawa ya tambayi ina yara. Suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Wata tsohuwa, Inno Wasila, wadda ita ta yanke cibiyar rabin garin, ta ce ai ranka ya daɗe, fari ne. Shekara goma ke nan ba su haihu ba.

Aka yi atishawa daga cikin rumbun da ke bayanta. Inno ta ce akuya ce. Aka sake yi, aka kuma ce alhamdu lillahi da ƙaramar murya. Inno ta ce akuyar gidan liman ce.

Alhaji bai ji ba, don ya riga ya miƙe. Jawabin da ya kwana uku yana shiryawa ba zai koma da shi Damagaram ba.

"Ya ku matasan Gidan Gambo," ya ce wa tsofaffi goma sha biyar da kaza, "ni na tsaya a majalisa na ce ƙofa ta buɗe muku. Yau ɗan manomi zai zama likita, ya zama mai gyaran jirgi, in ya yi ƙoƙari ƙwarai ma ya zama magatakardan depite."

Awa ɗaya da rabi yana buɗe ƙofofi, rana tana dukan rumbuna. Malam Tahiru yana jin motsi ko'ina, yana ta addu'a kada wani ya suma a ciki. Da Alhaji ya sauke, ya juya ga ansifekta ya umarce shi ya rubuta babu yaro ko ɗaya, gari ne na duhun kai, bai cancanci sashi na bakwai ba. Malam Tahiru ya zauna a ƙasa.

Ansifekta Yusufu Babarbare ne mai ƙarancin magana, kuma shi kansa daga cikin rumbu gardi ya zaro shi yana ɗan shekara bakwai. Ya ce zai rubuta, amma motarsa ta yi zafi, sai ta huce. Ya ƙara da cewa ya ji an yanka wa Alhaji rago a Takeita, bai kamata nama ya jira doka ba. Alhaji ya yaba hankalinsa. Aka loda kujera, makaɗa da gardawa, aka yi gaba.

Da ƙarar kamiyo ta ɓace, Inno ta matso.

"Ɗan nan, masu hular sun tafi duka?"

"Sun tafi, Inno. Ni da alƙalami kawai muka rage."

Ta ɗauki muciya ta bi rumbuna tana bubbugawa. Sai ga yara suna zubowa, sun yi fari fat da ƙaiƙayi, suna tari suna dariya. Yusufu ya jera su, ya ƙirga kai-kai. Hamsin da takwas. Har waɗanda iyayensu suka ɓoye wa Malam Tahiru sun fito, don a ruɗe ba wanda ya tsaya zaɓe. Kafin wata ya mutu, tukunya ta hau wuta a Gidan Gambo.

Daga ranar Yusufu ya ɗauki wata al'ada. In ƙidaya Talata ce, sai ya aika wa Depite takarda da ladabi cewa Laraba ce. Alhaji ya iso da ganga da jar hula, ya tarar gari shiru, a nuna masa takarda an riga an cike arba'in tun jiya.

Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. A zaman majalisa na gaba ya miƙe, ya gyara murya sau uku.

"Ƴan'uwana depitoci, a ƙasata ba sai na isa ba. Duk inda na nufa, nakan tarar an gama aikin kwana ɗaya kafin zuwana."

Aka tafa masa. A duk shekarunsa na majalisa, wannan ce maganarsa da ba wanda ya iya ƙaryatawa.