Rasuwar Garmahona da Dattijon da ke Cikinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Maikuɗi mai faci na Abbaganaram nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daina zuwa, rasuwar garmahona. Ya cika ranar Talata da hantsi yana kan aiki, faifai a kansa. Na san ƙarfe ne da katako, kada wani ya zo min da fatawa.

Marigayin ya shigo hannuna ina saurayi, lokacin da kowa ke zubar da faifai yana sayen kaset. A kayan gwanjo na Kasuwar Litinin na tsince shi, da kwali guda na fayafan jaz. Ya zo da lalurarsa. Maɓallin gefensa ya karye tun a hannun mai shi na farko, bel ɗin da ke juya faifai ya tsinke. Maɓallin na ɗaure shi da waya a inda na same shi. Bel kuwa na yanko masa daga tiyub ɗin babur, kuma duk bel ɗin da ya ci bayan wannan daga shagona ya fito. Bai taɓa raina abin da na ba shi ba.

Ina shaidarsa da natsuwa. Kafin ya ce komai sai ya gyara murya, ƙyas, ƙyas, shhh, sannan kiɗa ya shigo. Shi ya koya min jaz. Ban gama firamare ba, ban iya karanta sunayen da ke bayan kwalayen nan ba, don haka ni na raɗa musu suna. Amma kunnena a hannunsa ya tashi, kuma abin da ya koya min shi nake gaya wa kowa: wanda ya iya busa ba ya sauri. Mai fiyano da ba ya barin fili tsakanin yatsa da yatsa, surutu yake yi. A kan wannan na kori fayafai da dama zuwa ƙasan kwali, kuma ban yi nadama ba.

Kowace Lahadi bayan la'asar, in masu zuwa coci sun dawo sun ci abinci, ana zama ƙarƙashin dogonyaron ƙofar shagona. Akwai Yoila tela, akwai Ridwan mai keke Napep, akwai Malam Nicodemus na unguwar Fezzan, tsohon malamin makaranta mai kiɗa a cocinsu. Tambaya ɗaya ce: "Maikuɗi, yau me za mu ji?" Ni ke zaɓa. In na ce wannan mai kyau ne, mai kyau ne. Malam Nicodemus da duk bokonsa bakina yake kallo.

Cikin fayafan akwai wani ƙarami mai faffaɗan rami a tsakiya, takardarsa ta ɓare, babu suna babu hoto. Na yanka masa zoben roba ya zauna daidai. Mai waƙar cikinsa na sa masa suna Dattijo. Murya ce mai nauyi, ta namiji da ya ga duniya ya daina mamaki. Yana jan kalma kamar ba ya son sakinta, busa na bin bayansa a hankali. Da shi muke rufe zama. Duk baƙon da ya ce in nuna masa mene ne jaz, Dattijo nake sa masa. Malam Nicodemus da bakinsa ya yi mana bayani, ya ce irin muryar tsoffin baƙaƙen Amurka ce da suka sha wuya a gonar auduga. Ranar da aka binne matarsa Florence, nan ya zo ya zauna a kan tayar mota, ya ce, "Maikuɗi, sa min Dattijo." Na sa, ya ce in sake, na sake. A rubuta wannan, don yanzu wasu sun zama masu mantuwa.

Ciwon ajali ya faro daga ambaliyar da ta ci garin nan. Da ruwa ya shigo, marigayin na fara ɗorawa a kai kafin katifa, abin da maiɗakina Lauratu ba ta yafe min ba har gobe. Duk da haka danshi ya taɓa shi. Ya kama tari. Yana cikin kiɗa sai ka ji wuuu, wuuu, ya ja numfashi, ya ci gaba.

Yana wannan jinya ne ɗan Malam Nicodemus ya aiko wa ubansa sabon garmaho daga Abuja. Murfin gilashi, da 'yar fitila shuɗiya da ba ta da aikin komai sai a gan ta. Aka ce zaman Lahadi ya koma Fezzan sau ɗaya kawai, a bar mara lafiya ya huta. Na je. An kawo zoɓo da ƙanƙara. Na tafi da Dattijo a aljihun riga, don in nuna musu ba kowane gilashi ke ɗaukar irin wannan murya ba.

Malam Nicodemus ya juya faifan, ya ce, "Ai wannan ƙarami ne, ba a gudun manyan fayafai ake sa shi ba." Ya danna wani maɓalli, irin wanda ni na ɗaure da waya. Sai ga yarinya tana waƙa. Yarinya ɗanya, murya siririya, tana tsalle, ganga na bin ta da gudu kamar za su makara biki.

Ridwan ya faɗi daga kujera don dariya. Yoila ya ce, "Maikuɗi, ashe dattijon naka budurwa ce!" Malam Nicodemus ya cire tabarau ya ce, "Kai, ashe haka take da kyau." Mai bayanin gonar auduga ke nan.

Ban ce yarinyar ba ta iya waƙa ba. Ta iya, irin iyawar 'yan sauri. Ban ce injin ba shi da sauti ba, ko ƙyas ɗaya ba ya yi, kamar wanda bai taɓa rashin lafiya ba. Abin da na ce shi ne, ni abin da na ji shekara da shekaru ba ƙarya ba ne, kuma hawayen da aka yi a kan tayar mota ba na bogi ba ne. Da malam ya ga fuskata ya mayar da maɓallin kan gudun manya don ya faranta min. Muryar Dattijo ta dawo. Yoila ya ce, "Ga ta nan, mura ta kama ta." Shi ke nan. Tun daga ranar babu mai jin Dattijo, kowa yarinya yake ji an ja mata birki.

Sau ɗayan nan ya zama kullum. Lahadi ta yi, ni da marigayin da dogonyaro. Yanzu a Fezzan ake tambayar me za a ji, kuma fayafan da na kora ƙasan kwali irinsu ake yabo a can. Ridwan ya ɗauki yarinyar a wayarsa, yana wuce ƙofar shagona da ita a keke, har da ɗaga min hannu. Lauratu ta ji, ta ce, "Wannan ai ta fi daɗi, ko wanke-wanke sai a yi da ita." A cikin gidana.

Zayyad mai gyaran rediyo ya ce koyil ɗin injin da ke juya faifai ne ya ƙone, kuma ba a samun irinsa ko a Kano. Shi ya san koyil. Ni na san abin da ya kashe shi. Maganarsa ta ƙarshe, wuuu, sannan ƙyas.

Ya rasu ya bar marayu kwali guda. Akwai Mai Jar Hula, gwanin busa. Akwai 'Yan Biyar, da Mahaukacin Ganga wanda ban taɓa so ba amma ɗan gida ne. Ya bar allura ɗaya da ta dakushe, da ni. Malam Nicodemus ya zo ta'aziyya, ya ce, "Kawo marayun nan gidana, Maikuɗi, kujerarka tana nan." Na ga kujerar. Tana bakin ƙofa, tasa tana gefen injin.

Ga tsarin jana'iza. Za a yi ranar Lahadi bayan la'asar a ƙarƙashin dogonyaro. Ya Modu mai shayi zai dafa mana. Kowa ya bar wayarsa a aljihu, Ridwan ya ajiye kekensa a can bakin titi. Ba za a haƙa rami ba, ruwa ya ishe shi haka. Za a naɗe shi a zane a ɗora a saman kantar shago.

Marayu za su riƙa zuwa Fezzan, don faifai ba a yi shi don zaman kwali ba. Ni zan kai su, ni zan dawo da su, hannuna ne zai ɗora allura. Amma ƙaramin faifan ba zai sake taka ko'ina ba. Tare za a rufe su da marigayin, tunda a nan kaɗai Dattijo ya rayu.

Kafin a rufe murfi zan ɗora allura in juya faifan da yatsana, a gudun da na sani. Ba wuta ba lasifika, allurar kanta tana fitar da 'yar murya ƙasa-ƙasa. Mai son yin ban kwana sai ya yi shiru ya matso da kunnensa. Wanda dariya za ta kama ya zauna a gida.

Malam Nicodemus, kai musamman ina jiranka. Ranar da aka binne Florence, ba yarinya ce ta zauna da kai ba.

Sanarwa daga Maikuɗi mai faci, Abbaganaram, a madadin marayu.