Ranar da Na Hau Rufi Ba Shela

Ba zan taɓa mantawa da sunan da aka yi a gidan Hajiya Babba ba, ko da kuwa zan manta sunana.

Tun da sojoji suka koma bariki 'yan siyasa ke yi mana alkawarin wuta. Da muka gaji da jira, sai lungunmu na Dukawuya ya zama kamfanin kansa. Ni na kafa farantan sola a kan rufinmu, da rana ina sayar wa maƙwabta rarar wutata. In rana ta faɗi kuma Malam Sabo mai janareta ya sayar mini da tasa. Wayoyi ta kan katanga kamar igiyar shanya. Ni kuwa har tafiyata ta canza, ina jin kaina wani ƙaramin minista (abin da ya raba mu, ni ina kawo wutar).

Katangarmu ɗaya da gidan Hajiya Babba, kakar Rabi, yarinyar da nake nema. A gidan nan in tsohuwar ba ta ce to ba, babu aure, ita kuwa kallon ɗan boko mai rawar kai take yi mini. Da aka zo sunan wani jikanta, sai na ga dama ta samu. Na aika cewa wutar ranar kyauta ce, firiji da fanka da lasifika, kowa ya sha iska a kaina.

Ranar sunan da hantsi ina wanki sai na ji lasifikar ta yi shiru. Na san kwanan zancen, tattabarun unguwa sun mai da farantaina makewayi. Na suri bokiti da tsumma na kafa tsani, daga ni sai singileti da wani gajeren wando da ya kamata a ce ya yi ritaya.

To, a cikin gari namiji ba ya hawa sama haka kawai. Gidaje a manne suke, in ka hau rufinka tsakar gidan mutane kake gani. Sai ka yi shela cewa za a hau, ka dakata mata su kimtsa. Ni da aka haifa a lungun na san wannan sarai, amma gwaninta ta rufe mini ido.

Ina goga ina ɗan waƙe-waƙena, sai na ji hayaniyar da ke ƙasa ta ɗauke ɗif. Na ɗago. Tsakar gida cike da mata, masu tuƙin tuwo da ɗaurin ƙirji, babu mai mayafi. A tsakiya ga Hajiya Babba a kan tabarma ana yi mata kitso, kai a buɗe, rabin furfurar a tsefe. Muka haɗa ido.

Mai hankali da sai ya kwanta a kan rufin ya yi kamar ya mutu. Ni sai na ɗaga mata tsumma na ce, “Hajiya, barka da suna. Wutar ta dawo?”

Salati ya tashi. Mata suka watse, wasu na rufe kai da faifai. Na juya zan gudu, ƙafata ta shure bokitin da tsanin, suka yi ƙasa tare. Na yi ta tsugunno a bayan farantai, rana na gasa ni, har maza suka fito daga zaure. Baban Rabi da kansa ya riƙe mini tsani, na sauko da baya a gaban manyan riguna, wandon nan yana ba da nasa bayanin.

“Sannu, Injiniya,” in ji shi. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Kawuna ya je ba da haƙuri, ya dawo yana kallon ƙasa. Na tambaye shi ko sun ce in zo in kwance wayata.

“A'a, Hajiya ta ce a bar waya,” ya ce. “Wutar suna so. Mai wutar ne ba sa so.”

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son Rabi da gaske. Bayan sallah aka ɗaura mata aure da ƙanen Malam Sabo. Abin da na koya shi ne, in za ka burge surukai, ka tsaya a ƙasa, kuma ka sa dogon wando.