Ɓauna Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ba makawa, iyalan Likita, likitan dabbobin nan na gidan ƙarshen layi, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarsu, ƙatuwar baƙar jif ɗin nan da kowa ya sani da suna Ɓauna. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da la'asar, a garejin Bakanike, bayan doguwar jinya. Ta cika bonet a buɗe, mai ita yana tsaye a kanta.

Marigayiyar ba da ƙuruciya ta shigo gidan ba, domin ta hannu ce, ta ga jiya ta ga yau kafin ta iso. Aikin Likita shi ne bin garken shanu da tumaki har inda suke, su kuwa dabbobi ba su san su yi ciwo a bakin titi ba. Ƙaramar motar da yake hawa kafin nan, ba sau ɗaya ba shanu ne suka jawo ta daga cikin rafi, abin da ya ce ya zubar masa da mutunci a idon majinyatansa. Ranar da ya kawo Ɓauna, sai da aka ɓalle ƙyaure ɗaya na ƙofar gida kafin ta shiga. Matarsa Malama, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta fito ta zagaya ta tun daga goshi har ƙeya, ta riƙe haɓa ta ce, "Abban yara, mota ka sayo ko ɗaki da falo?" Autarsu kuwa, da ta ji gurnanin injin, ta ruga bayan uwarta tana cewa ɓauna ta shigo gida. Sunan da ya bi ta ke nan har ƙarshen rayuwarta.

An ce a faɗi alherin mamaci, to alherin Ɓauna ba a gari yake ba, a daji yake. Da tayarta ta sauka daga kwalta ta taɓa jar ƙasa, sai ta zama wata halitta dabam. Muryarta ta yi kauri, gurrr, gurrr, kamar mai gyaran murya kafin ta yi magana. Ta ratsa rairayin da ke haɗiye babur har sirdi. Ta hau duwatsun da jaki ke tsayawa ya yi shawara kafin ya hau. Taɓon da ya riƙe motar katako kwana da kwanaki, ita ta bi ta gefensa tana watsa laka kamar mai raba sadaka, sannan ta dawo da baya aka ɗaura mata sarƙa ta fizgo motar katakon. Ba ta taɓa barin Likita ya kwana a daji ba.

Makiyayan ƙetaren kogi su ne shaidunta na farko. Daminar da gada ta karye, ciwo ya shiga shanunsu yana kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Allurar rigakafin tana cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, ita kuwa ƙanƙara ba ta jiran a gyara gada. Motocin ofis suka yi layi a bakin ruwa, direbobinsu suka naɗe hannu. Likita ya naɗe ƙafar wando ya shiga ya gwada zurfin mashigin da sanda, ya dawo ya sa ƙaramar giyar nan da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, ya yi bisimilla. Ruwa ya kai hannun ƙofa, ya shigo ya jiƙa masa ƙafafu, ƙarfinsa yana tura gindin motar gefe. Ɓauna ta yi gurnani ɗaya mai tsawo, ba ta numfasa ba sai a wancan tsallaken. Tun daga ranar, idan makiyayan nan suka haɗu da Likita a kasuwa, sai sun tambayi lafiyarta kafin su tambayi ta iyali.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Idan ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, marigayiyar a kan kwalta ko biyar ba ta cika ba. Gari bai karɓe ta ba. Da ta ga shataletale sai jikinta ya mutu. Fitilun gargaɗin da ke gaban direba kuwa, ja da ruwan ɗorawa, kullum a kunne suke kamar gidan biki, har Likita ya daina tsorata da su, sai ranar da ɗaya ta mutu ne hankalinsa ke tashi. Gilashinta yakan ƙi sauka da bazara, ya ƙi hawa da damina. Takan kulle kanta da kanta, ƙarat, makulli yana ciki, injin yana aiki, mai ita yana waje. Wata safiya aka tashi aka tarar ta durƙusa ta baya kamar raƙuma, wai jakar iskar da ke ɗage ta ce ta sace. Mai kuwa, ba ta taɓa wuce gidan mai ba tare da ta tsaya gaisuwa ba.

Ranar auren babbar 'yarsu, ita aka wanke aka goge aka sa a gaban jerin motoci. Daidai mahaɗar da ta fi kowace cunkoso a garin, ta yi tari sau biyu, kuf, kuf, ta yi shiru. Dangin ango da manyan riguna ne suka tura ta gefen titi, amarya tana ciki tana kukan da ba na barin gida ba. Washegari Likita ya tafi da ita duba wani doki a bayan tsauni, ta je ta dawo ko atishawa ba ta yi ba.

Ta dalilinta ne Bakanike ya zama ɗan gida. Ya san inda ake ajiye makullin ƙofa, ya san kofin da yake shan shayi da shi, jikokin gidan kuwa Kawu suke ce masa. Abokan Likita sun yi ba'a har sun gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma wata rana da iyalan ba su cika ba da labarinta ba, amma sun ga ya dace a faɗe ta yau, don masu cewa mene ne abin kuka a kan ƙarfe. Shekarar da ciwo ya kama Malama, yana cin ta a hankali har zoben hannunta ya fara zamewa, asibiti suka ce su zo su ji sakamakon gwaji. Likita ya kwana yana lallaɓa motar, ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya goge kan batir. Suka kama hanya da hantsi. Suna tsakiyar tafiya, kusa da wani filin ƙwallo da ba kowa, Ɓauna ta yi tik, tik, tik, ta gangara gefen titi ƙarƙashin wata bishiya ta tsaya.

Likita ya murɗa makulli har yatsunsa suka yi zafi. Ya fita ya buɗe bonet bai ga komai ba, domin idanunsa sun cika da ruwa. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa motar nan murya ba, ranar ya zage ta, ya shuri tayarta, ya rantse gobe ba za ta kwana a gidansa ba.

Malama ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali ta ce, "Abban yara, zo ka zauna. Asibitin ba guduwa zai yi ba."

Ta sa ya ɗaga ƙofar baya, suka zauna a bakin but, ƙafafunsu suna lilo kamar na yara. Ya kira Bakanike, shi kuma yana can wani gefen gari.

Ta ce, "Abin da za su faɗa, ni da kai mun riga mun sani. Kai ma likita ne, ko da na shanu ne."

Ya yi dariya hawaye na zuba. Daga nan hira ta ɓarke. Suka tuna ɗakin hayar da suka fara zama, mai yoyo daidai kan gado. Suka yi gulmar surukai. Ta gaya masa abin da take so a yi wa auta, da wanda ba ta so, ta kuma ce ya daina cin abinci a tsaye. Can ta jingina kanta da kafaɗarsa ta ce, "Rabon da mu zauna ni da kai, ba waya ba saniya, har na manta. Ka bar zagin baiwar Allah nan, ta fi ka hankali."

Rana ta take tsaka kafin Bakanike ya iso a kan babur. Ya shiga ya murɗa makulli sau ɗaya, Ɓauna ta tashi, gurrr, kamar ba ita ba. Ya bincika sama da ƙasa bai ga abin da ya same ta ba, har yau kuma bai gano ba. Malama ba ta ga daminar da ta biyo baya ba.

Bayan rasuwar Malama 'ya'yan suka taso Likita a gaba. Babban ɗansa ya ce, "Baba, don Allah ka rabu da wahalar nan, mu sama maka ƙarama sabuwa." Likita ya ce, "Ku bar ni da tsohuwata." Su kuma da suka dubi fuskarsa ba su sake tayar da maganar ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da farin hayaƙi da safe. Sai ta koma shan ruwa fiye da mai. Baƙin manta ya koma kalar shayi da madara, giya ta fara zamewa, zazzaɓi ya riƙa rufe ta ko a ɗan gajeren zuwa kasuwa. Bakanike ya yi iya yinsa, ya canza abin da ke canzuwa, ya ɗaure abin da ke ɗauruwa. Daga ƙarshe ya kira Likita gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ba shi da magani. Ka lallaɓa ta a cikin gari, amma daji kam ta gama."

Likita ya ji, ya kuma kiyaye, har ranar da aka yi waya daga wani ƙauye bayan kwazazzabai. Wata tsohuwa ce mai riƙon marayun ɗanta, saniyarta ɗaya tal, ita ce nononsu ita ce jarinsu, haihuwa ta zo mata a gicciye. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba babur ɗin da zai shiga. Likita ya daɗe a tsaye a tsakar gida da makulli a hannu. Sannan ya cika jarkoki da ruwa ya zuba a baya, ya dafa bonet ya ce mata ta yi haƙuri.

Ta je. Tana huci, tana tsayawa ana ba ta ruwa, amma ta je. Kwazazzabon ƙarshe ta hau shi da wani irin kuka da bai taɓa ji daga bakinta ba, siriri, kamar na mai cije leɓe. Saniya ta rayu, ɗan maraƙi ya miƙe ya kama nono. A hanyar dawowa allurar zafi ta kwanta a kan ja ba ta sake ɗagowa ba. Likita yana tuƙi yana yi mata magana kamar yadda yake yi wa dabbar da ke jin jiki. Ta fitar da shi daga laka, ta fitar da shi daga duwatsu, ta kawo shi har inda ake hango fitilun gari da masu wucewa. Tayoyinta na gaba suna hawa kwalta, sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin ƙirjinta, sannan gum. Injin ya buga.

Aka jawo ta gareji. Bakanike ya buɗe ta, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya goge hannunsa da tsumma, ya cire hula, ya ce, "Likita, sai haƙuri."

Marigayiyar ta rasu ta bar mai ita, da 'ya'yansa uku waɗanda duk a kanta suka koyi tuƙi da haƙuri, da jikoki, da Bakanike wanda ya ce bai san me zai riƙa yi da safiyar Litinin ba. Ta bar ma'aikatan gidan mai na kan kwana, da suka aiko da ta'aziyya tun kafin a sanar. Ta bar kyanwar maƙwabta da ke kwana a ƙarƙashinta, wadda har yanzu takan zo ta zauna a kan tabon baƙin mai a tsakar gida ta yi ta kallon ƙofa. Ta bar igiyar ja, da shebur, da takalman roba. Ta bar gidan tabarau na Malama a aljihun gaba, inda mai shi ta ajiye da hannunta, ba wanda ya taɓa matsar da shi sai jiya da Likita ya je ya ɗauko shi kaɗai.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi, daga garejin Bakanike zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan gari. Akori-kurarsu ce za ta ja ta da sarƙa. Da yake motar da ake ja sai da mutum a kan sitiyari, babban ɗan gidan ya ce shi zai zauna, Likita ya ce a'a, ba a kai mutum makwancinsa da hannun wani alhali nasa yana raye. An roƙi masu rakiya su bi a hankali, domin birkinta ya riga ta tafiya.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan la'asar. Iyalan suna roƙon masu zuwa kada su zo da dillali, ko hoton wata mota a waya, kada kuma a ce ai gara da ta mutu ya huta. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya mayar da alheri.

Bakanike ne zai dawo da Likita gida a bayan babur. Duk wanda ya gan su sun shigo layi, ya amsa sallama kawai, kada ya tambaye shi ina mota.