Makaniki da Alamar Tarawa

Wani ne, makanikin injin buga takardu. Hannunsa ba a magana, injin da ya mutu in ya taɓa shi sai ya tashi. Amma da zarar an fita daga ƙusa da sifana, sai dai addu'a.

Maigidansa ya sayi wani tsohon inji a ƙasar waje, ya ce ya je ya duba kafin a ɗoro shi a jirgin ruwa. Ga matarsa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma na fari ne bayan shekara tara da aure. Ya ɗauko mahaifiyarsa ta zauna da ita, shi kuma ya nufi ofishin kamfanin waya.

Ya ce wa ma'aikacin, "Malam, zan yi tafiya ƙasar waje. Layin nan zai bi ni, ko in bar shi a gida?"

"Zai bi ka. Muna da reshe a can. Bari in buɗe maka yawo."

"Yawo? Wa zai yi yawon?"

"Layinka."

"A'a, Malam. Shekara goma sha ɗaya muna tare da layin nan, bai taɓa kwana a waje ba. Ni aiki za ni, ba yawo ba."

"Ai sunan tsarin ke nan."

"To ka rubuta aiki."

Ma'aikacin ya danna abin da zai danna, ya ce, "Shi ke nan, na rubuta aiki." Sannan ya yago takarda ya rubuta masa. "In za ka kira gida, ga lambar ƙasarmu, ga lambar matarka. Kada ka manta da alamar tarawa."

Mutumin ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

Ya sauka lafiya. Yana shiga ɗakin otal, ko takalmi bai cire ba, ya zauna a bakin gado ya fito da takarda. Ya ga alamar tarawa, ya ga lambobi biyu. Ya ce, "Oho, lissafi ne." Ya ɗauki biro ya jera lambar ƙasa a ƙarƙashin lambar matarsa, ya ja layi. Bakwai da huɗu sha ɗaya, rubuta ɗaya riƙe ɗaya. Ya sake dubawa sau biyu. Sannan ya danna amsar da ya samu.

Na'urar kamfani ta ga lamba mai kama da ta gida, ta miƙa kiran gida. Ashe lambar wani mai kiwo ce, wanda wansa ya bar wa ajiyar akuya mai ciki.

Ana ɗauka makanikin ya ce, "Salamu alaikum, ta haihu kuwa?"

"Yaya, kai ne? Ai ta haihu tun jiya!"

Makanikin ma yana da ƙane, sai ya ɗauka nisa ne ya sauya murya. Ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Me aka samu?"

"Uku."

"Uku!"

"Biyu mata, ɗaya namiji. Namijin baƙi ƙirin, da farin tabo a goshi. Har sun fara tsalle-tsalle a tsakar gida."

"Tsalle? Haihuwar jiya-jiya?"

"Ai irin nan ba sa wasa. Ubansu suka ɗauko."

Makanikin ya yi murmushi, ya shafa ƙirji.

"Ka san uban ai, na maƙwabta. Wannan mai dogon gemun da ke haurowa ta katanga in ba ka nan."

Makanikin ya koma ya zauna. Da ƙyar ya ce, "Ita tana ina?"

"Na ɗaure ta a turke. Ta cinye mini rabin tabarma."

"Ka ɗaure ta? Ba ni Inna! Maza ba ni Inna!"

"Inna kuma? Yaya, lafiyarka? Inna ai shekara shida ke nan da rasuwa."

Waya ta suɓuce daga hannunsa.

Ya fito titi a guje, yana nuna wa mutane tambarin kamfanin a jikin takarda, har aka nuna masa reshensu. Ya shiga yana kuka. Mai gadi bai ji abin da yake faɗi ba, manaja ma bai ji ba. Aka sauko da wata ma'aikaciya daga sashen baƙi, wadda take jin Hausa. Ta ba shi kujera da ruwa.

Ya ce, "'Yar'uwa, kwana biyu kacal na bar gida. Matata ta haifi uku, ba nawa ba ne. Tana ɗaure tana cin tabarma. Uwata kuma shekara shida da rasuwa, ni da na baro ta shekaranjiya tana tsintar wake."

Ma'aikaciyar ta ce, "Yallaɓai, mu ga lambar da ka kira."

Ya miƙa mata takardar. Ta ga layin da ya ja, ta ga riƙe ɗaya a saman lamba. Ta juya baya kamar tana neman wani abu a durowa, kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo ta ce, "Ba tarawa ake yi ba. Alamar kawai ake dannawa."

"To me ya sa ba ku ce alamar dannawa ba?"

Ta kira masa lambar daidai, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Mahaifiyarsa ta ɗauka.

"Inna! Kina da rai?"

"Da ka so in mutu ne? Muna asibiti da safen nan, an shiga da ita. Kashe, zan kira ka."

"Guda nawa za ta haifa?"

"Kashe, na ce!"

Ya share hawaye. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ga ƙarfe biyar saura na yamma. Ya ce, "Inna ta ce safe. Agogonku ya lalace, ku kawo in duba shi."

"Lafiyarsa ƙalau. Mu nan muna gaba da can da awa bakwai."

Sai ya jawo kujera kusa da teburin, ya rage murya. "'Yar'uwa, tunda kuna gaba, ai a wajenku ta riga ta sauka. Don Allah leƙa kwamfutar nan. Mace ce ko namiji?"

"Yallaɓai, ba haka abin yake ba."

"Ba zan faɗa wa kowa ba. In an sanar da ni zan yi kamar ban sani ba."

Tana cikin yi masa bayanin juyawar duniya da rana, waya ta yi ƙara. Inna ce, tana guɗa.

"Ta sauka lafiya! Namiji, guda ɗaya, sak kai. Yanzun nan, ƙarfe goma daidai."

Ya dubi agogo. Ƙarfe biyar. Ya ƙirga da yatsu, ya buga tebur.

"Awa bakwai! Awa bakwai da haihuwar ɗana kuna riƙe da labarin a nan, ina zaune kuna ba ni ruwa! Kira mini manaja!"

Ma'aikaciyar ta ɗaga wayar ta ce, "Mama, don Allah ki yi masa bayani, ni na kasa."

Tsohuwar ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan, ni na haife shi. Jikin ne ya sauka da hantsi. Hankalin, shekara arba'in ke nan muna kira, har yau layin bai shiga ba."