Farfesa da Kwamfutocin da Suka Ƙi Mutuwa

Idan ana lissafin masu baiwa a ofishin nan, sai a fara da Farfesa, a huta, sannan a nemi na biyu. Shi ne mai kula da kwamfutoci. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Ma'aikata ne suka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don mutumin kirki ba ya mayar da kyauta. Filas ɗinsa, ɗan abin nan na ajiye bayanan kwamfuta, na rataye a wuya kamar lambar yabo. Ko waya zai jona, sai ya naɗe hannun riga.

Babban aikinsa na tarihi shi ne antibairos, manhajar nan mai gadin kwamfuta kada cuta ta shige ta. Gama-garin mutane ɗaya suke sawa. Farfesa ya sa wa kowace na'ura biyu, ya kuma saita su su binciki komai duk sanda aka zo kashewa. Sai masu gadin suka ɓige da binciken juna, wannan ya cakumi wuyan wancan. Ka danna kashewa lokacin tashi, 'yar da'irar nan ta fuskar kwamfuta ta yi ta juyawa, har mai jiranka a waje ya gaji da danna hon.

Ya kuma kafa doka: ba mai barin kujerarsa sai fuskar kwamfutarsa ta yi baƙi.

"Na'ura majinyaciya ce," in ji shi, hannuwa a baya, yana zaga tebura. "Ba a barin majinyaci shi kaɗai. Ni na san abin da ke yawo a duniyar intanet. Ku dai ku gode wa Allah da ya ba ku ni."

Akwai abin da Farfesa ba ya faɗa ko a gaban madubi. Da rana ba mai nemansa sai firinta ta cinye takarda. Amma da yamma ga ofis cike, kowa jaka a cinya, ba inda za shi. Kunnuwa kyauta. Cikinsu kuma akwai Sakatariya, wadda kwamfutarta, cikin ikon Allah, ta fi ta kowa jinkiri. A gaban teburinta lacca ta fi tsawo, turare ya fi tashi. Tana gyaɗa kai tana kallon agogo. Shi ya ɗauki gyaɗa kan a matsayin sha'awa, kallon agogon kuma kunya ce irin ta 'yan mata.

Ƙorafi ya yi yawa. Akanta ya ce 'ya'yansa sun fara zama na ƙarshe a ƙofar makaranta, har mai gadi ya san sunayensu. Manaja, mace mai gajeriyar magana, ta tara kowa, ta tambayi Farfesa ko abin na gyaruwa.

Yana gyaruwa mana. A cire antibairos ɗaya, a hana ɗayan bincike lokacin kashewa, shi ke nan. Farfesa ya fi kowa sani. Amma in ya faɗa, wa zai zauna masa da yamma? Ya miƙe, ya gyara murya, ya saci kallon Sakatariya.

"Ranki ya daɗe, lamarin na da zurfi. Wannan juyawar da kuke gani, ba kowane ido ke karanta ta ba. Kowa a nan kallo kawai yake yi. Wanda zai bambance mutuwar lafiya da ta ciwo, a ginin nan, mutum ɗaya ne. Kunya ce ta hana ni faɗar sunansa."

Manaja ta jinjina kai. Ta ce to ai ba amfanin tsare masu kallo kawai. Daga yau kowa ya danna ya tafi gida, mai idon ya tsaya ya raka na'urorin.

Aka yi tafi. Farfesa har ya ɗan rusuna yana godiya kafin maganar ta isa inda za ta. Baki shi ke yanka wuya.

Da yamma ofis ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Ga da'irori na juyawa a kan kowane tebur, ga Farfesa a tsakiya. In ya gyara yanzu, a ce ashe abin bai kai ya kawo ba. In ya bari, ya zauna da kujeru.

Sai ga takun takalmi. Sakatariya ce ta dawo. Farfesa ya miƙe da sauri, ya shanye tumbi, ya shirya murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, Kawu," ta ce daga bakin ƙofa. "In tawa ta mutu, don Allah ka kashe min fanka."